Abin da aka tattauna kan ba da hayar wani sashe na gida a Amurka

Ga abin da na tattara daga bayanan 'yan'uwa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa tsara unguwanni, wato ƙayyade irin gidajen da aka yarda da su a kowace unguwa, aikin hukumar gari ne, saboda haka abin da ya halatta a Minneapolis ta jihar Minnesota, wadda ta daina keɓe unguwanni ga gidajen iyali ɗaya tun 2020, ba lallai ya halatta a garin da ke maƙwabtaka da ita ba. Shawarar ita ce mai gida ya je ofishin tsara birni ya tambayi rukunin da aka sa gidansa, kuma ya nemi amsar a rubuce.

2. An bambanta ba da hayar ɗaki ga wanda zai riƙa girki a kicin ɗin gidan da ware sashe mai ƙofarsa da kicin ɗinsa. Na biyun ne hukumomi suka fi ɗauka a matsayin gida na daban, wanda sai da izini.

3. Ra'ayi ya rabu kan ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wasu sun ce mutane da yawa suna bayarwa ba takarda kuma ba a kula su. Wasu sun tunatar da ambaliyar guguwar Ida ta 2021, wadda ta kashe masu haya a irin waɗannan ɗakuna a New York. Ni ina tare da na biyun, domin ɗakin da babu tagar da babban mutum zai iya fita ta cikinta bai kamata a kwantar da kowa a ciki ba.

4. A sanar da kamfanin inshora kafin ɗan haya ya tare.