Shin baƙi ne suka mayar da Broadway kasuwar sanannun fuskoki?

Malam Habibu:
Jama'a, ga maganar da nake so mu duba, kuma zan faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba. A ganina 'yan yawon buɗe ido ne suka mayar da wasannin daɓe masu waƙa da rawa na Broadway, unguwar manyan gidajen wasa a birnin New York, kasuwar da suna ya fi murya daraja. Ƙungiyar masu gidajen wasa da furodusoshi, wato Broadway League, ta bayyana cewa a kakar 2018 zuwa 2019 an shiga kallo kusan sau miliyan 14.8, kuma kashi 65 cikin ɗari na 'yan kallon ba mazauna birnin ko kewayensa ba ne. Wanda ya zo kwana uku ba shi da lokacin bin sharhin jaridu. Zai tsaya a dandalin Times Square da ke tsakiyar unguwar ya ɗaga kai, sunan da ya sani a allo shi zai bi. Ku dubi wasan Chicago, wanda aka farfaɗo da shi a 1996. Furodusoshinsa, Barry da Fran Weissler, sun saka Melanie Griffith a 2003, da mawaƙi Usher a 2006, da Pamela Anderson a 2022, sannan a 2024 suka ɗauko Ariana Madix, wadda shirin talabijin na rayuwar yau da kullum ne ya fito da ita. Yaran da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna koyon waƙa da rawa kuwa suna tsaye a layin baya suna yi mata amshi.

Malama Hadiza:
Malam Habibu, alƙalumanka daidai ne, amma ba su kai ka inda ka sauka ba. Wasannin da baƙi suka fi cikawa su ne waɗanda ba su dogara da tauraro ko ɗaya ba. The Lion King yana tafe tun 1997, Wicked tun 2003, kuma da za ka tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi ka tambayi mutum goma sunan wanda ya fito a matsayin Simba, zakin da yake jarumin The Lion King, da wuya ka samu biyu su amsa maka. The Phantom of the Opera ya yi shekara 35, daga 1988 zuwa Afrilun 2023, an sauya masu fitowa a matsayin jaruminsa mai rufaffiyar fuska ba adadi, ciniki bai girgiza ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a Maris na 2020, aka buɗe kuma baƙin ƙasashen waje ba su dawo kamar da ba, ga tsadar gudanarwa ta ƙaru. Baƙo sunan wasa yake saye, wanda ya ji tun yana gida, kuma yakan fi son wanda zai fahimta ko da Turancinsa bai nuna ba. Magidancin da ya taso daga Japan ko Brazil da iyalinsa ina ya san Ariana Madix?

Malam Habibu:
Bai san ta ba, amma 'yan ƙasashen waje kashi 19 ne kawai a waccan kakar. Sauran kashi 46 Amurkawa ne daga wasu jihohi, kuma su sun san ta sarai, domin kowane mako tana cikin falonsu.

Alhaji Nuhu:
Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka ku yi mini haƙuri in dawo da ku kan kuɗi. Sabon wasa mai waƙa da rawa a Broadway yakan ci dala miliyan goma sha wani abu kafin a ɗaga labule, wasu ma sun haura miliyan 20, kuma bayan haka kowane mako sai an biya hayar gida, da makaɗa, da 'yan wasa, da masu fitilu da sutura, ana wasa sau takwas a mako ko kujeru sun cika ko ba su cika ba. Abin da masu sana'ar suka saba faɗa shi ne wasa ɗaya cikin biyar ne yake mayar da uwar kuɗi. To wanda za ka je wa da neman jari a irin wannan kasuwa, tambayarsa ta farko ita ce wa zai fito. Mun ga irin haka a Kano zamanin kaset da faifan CD, lokacin da dillalin fim yake fara duba fuskar da ke kan fosta kafin ya tambayi labari, alhali babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya a cikin masu sayensa. Funny Girl ya isa misali: an buɗe shi a Afrilun 2022, ciniki ya yi ta ja da baya, sai aka kawo Lea Michele a watan Satumba, kuɗin mako ya yi tsalle, aka mayar da jari, da ta gama kuma a Satumbar 2023 aka rufe wasan baki ɗaya. Haka aka rufe The Music Man a Janairun 2023 da Hugh Jackman ya kammala. Tsoron asara ne yake kawo tauraro, ko da baƙo ko babu.

Auwal:
Baba Alhaji, da izininka zan ɗan gyara wani wuri, domin ina ganin ana haɗa mutane biyu a riga ɗaya. Lea Michele tun tana yarinya take fitowa a Broadway, kafin talabijin ta san da ita. Hugh Jackman ya ci kyautar Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, tun 2004. Nicole Scherzinger, wadda mutane da yawa suka ɗauka mawaƙiyar pop ce kawai, ta fito a Sunset Boulevard a Landan ta ci kyautar Olivier, takwarar Tony a can, a 2024, ta maimaita a New York ta ci Tony a 2025. Waɗannan babu wanda zai ce sun tare wa wani hanya da suna kaɗai. Abin da Malam Habibu yake kuka da shi daban ne, wato a ɗauko wanda bai taɓa riƙe waƙa a gaban jama'a ba a ba shi 'yan makonni na atisaye a tura shi. Kuma ba kowane wasa ne zai ɗauki haka ba. Chicago ya ɗauka ne saboda yadda aka gina shi: makaɗa suna zaune a kan daɓen, sutura baƙaƙe, babu kayan ado masu nauyi, sannan Roxie Hart, jarumar wasan, a cikin labarin mace ce mai yunwar suna wadda baiwarta ba ta kai burinta ba, don haka ko muryar mai fitowa ta yi rauni sai ya shige cikin labarin. A gwada haka da Elphaba, jarumar Wicked, a gani, waƙar ƙarshen kashi na farko kaɗai za ta tona asiri.

Hajiya Rabi:
Ni a yankin Bronx na birnin New York nake zaune, kuma nakan kai baƙina kallo idan sun zo daga gida, to bari in faɗi abin da ido ya gani. Idan ka karɓi ɗan littafin shirin a ƙofa, wani lokaci sai ka ga 'yar farar takarda a ciki tana sanar da cewa yau wane ne zai tsaya a madadin wane. A wasan da ba shi da tauraro, mutane ko duba ta ba sa yi, sai ka gan ta a ƙasa ana takawa. A wasan da aka rubuta sunan jarumi a saman sunan wasan kuwa, wannan takarda tana tayar da layi a wurin masu tikiti, domin al'adar can ita ce idan wanda ke saman suna bai fito ba kana iya neman a canza maka rana ko a mayar maka da kuɗinka. Masu shiga wannan layi, a iya ganina, masoyan jarumin ne da suka yi takakkiya dominsa, kuma su ne za ka tarar bayan an tashi sun yi cincirindo a ƙofar baya cikin sanyi da wayoyi a sama. Sannan ku lura da lokaci. Ƙarshen Janairu aka kawo Ariana Madix, wato bayan baƙin Kirsimeti da sabuwar shekara sun watse, lokacin da kasuwar Broadway take mutuwa kowace shekara. Ni a fahimtata ana kiran tauraro ne ya cike gurbin da baƙi suka bari.

Malam Habibu:
Hajiya, wannan batu na Janairu yana da nauyi, amma masoyin da ya hau jirgi daga jihar Ohio ya kama otel don ya ga jarumarsa ai shi ma baƙo ne, kuma a cikin kashi 65 ɗin nan ake ƙirga shi. Bayan haka akwai hanyar da baƙi suke matsa wa kasuwar lamba ba tare da sun nemi tauraro da bakinsu ba. Gidajen wasan Broadway 41 ne kacal. Tun da kamfanin Disney ya gyara gidan New Amsterdam ya buɗe shi a 1997, unguwar ta koma wurin da iyali za su shiga hankali kwance, manyan gidaje suka faɗa hannun wasannin da baƙi suke riƙewa shekara ashirin ko talatin. Sabon wasa sai ya yi kokawar samun gida a cikin ragowar, kuma idan ya samu ba a ba shi lokacin da labarinsa zai bazu daga baki zuwa baki. Ku tuna wasan Fela! a 2009. Sahr Ngaujah ne ya fito a matsayin Fela Kuti, kuma ya yi abin a yaba, amma sunayen Jay-Z da Will Smith da Jada Pinkett Smith ne aka ɗora a tallar a matsayin masu gabatarwa. Wasan ya ci Tony uku, duk da haka a Janairun 2011 aka rufe shi, kafin a kawo shi Legas a wannan shekarar.

Malama Hadiza:
To ai yanzu ka bar inda ka fara, Malam. Da farko cewa ka yi baƙo yana ɗaga kai ya bi suna, yanzu kuma ka koma kan ƙarancin gidaje, wanda ni ma ban musa ba. Sai dai ko a cikin wannan matsi wasan Hamilton ya shigo a 2015 babu babban tauraron fim ko ɗaya, ya zama shi ne sunan da baƙi suke nema. Kuma inda farashin tauraro ya fi hauka ba a wasan waƙa ba ne. Othello na Denzel Washington da Jake Gyllenhaal a 2025 an sayar da kujerarsa mafi tsada dala 921, ga Turancin Shakespeare na fiye da awa biyu. Iyalin da suke bin layin TKTS, rumfar sayar da tikiti mai rangwame a Times Square, suna neman ragin rabin kuɗi ba su ne suka sayi wannan kujera ba.

Auwal:
Malama, wannan ya kawo tambayar da ni ta fi damuna a matsayina na mai koyon sana'ar. Idan manyan gidaje na tsofaffin wasanni ne, ragowar kuma na taurarin da suke zuwa wata uku ko huɗu su tafi, a ina sabon ɗan wasa zai yi sunan da gobe za a rubuta a saman allo?

Alhaji Nuhu:
A talabijin, ɗana, ko a wayar da ke hannunka. Can furodusa yake zuwa cefane yanzu, domin wani ne ya riga ya biya kuɗin tallar.

Malam Habibu:
Alhaji, ai ƙarata ke nan tun farko. Ku kun ce tsoron asara, ni na ce baƙi, amma yarinyar da take amshi a bayan Roxie Hart sau takwas a mako ta iya kowace waƙa ta wasan fiye da wadda take gabanta, kuma idan aka sa sunanta a 'yar farar takardar da Hajiya ta ambata, wasu za su tashi su nemi a mayar musu da kuɗinsu.