Kalmomin bincike kan sadarwar kasuwanci

Ɗaliba: Salamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala karatu a jami'ar Damagaram kan yadda kamfanoni ke sadarwa da abokan ciniki. Na sa "communication" a Cairn, shafin intanet na mujallun ilimi na Faransanci, sakamako ya yi mini yawa. Yaya zan yi?

Malami: Wa alaikumus salam, ƴata. Kalmar ta yi faɗi, har aikin jarida take kwasowa. Raba batun gida 3: sadarwa, ƙananan kamfanoni, wuri. Rubuta "communication externe" PME Niger. PME na nufin ƙanana da matsakaitan kamfanoni a Faransanci. Kalmomi biyun farko su zauna cikin alamar zance, in ba haka ba injin zai raba su.

Ma'aikacin laburare: Hattara da "Niger" a Google Scholar, injin neman maƙalun ilimi, yakan jawo Neja Delta ta Najeriya. Ƙara -delta a ƙarshe. In sakamakon ya yi kaɗan, musanya Niger da Sahel. Maƙalar da ta dace kuwa, kwashi kalmomin da ke ƙarƙashin taƙaitawarta ki sake nema da su.