Ina da saurin magana, mutane ba sa gane abin da nake faɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara. Tun ina ƙarama ake ce min bakina ya fi ni sauri, ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba sai da na fara aiki. Shekaranjiya a taron ofis aka ba ni minti 5 in yi bayani, na gama a ƙasa da 2. Shugabarmu ta dube ni ta ce, "Sake daga farko, ban kama ko ɗaya ba." Wallahi sai da hawaye ya cika min ido. Ko lambar waya nake karanta wa mutum sai na maimaita sau uku. In na ce zan rage gudu, jimla biyu ce, ta uku na koma gidan jiya. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ni ma na yi wannan fama. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne jan kowace kalma, sai maganar ta fito kamar ta mai jin barci, in gaji in watsar. Abin da ya yi min magani tsayawa ne. Ki faɗi gaɓa ɗaya, ki rufe baki, ki ja numfashi ta hanci, sannan ki ci gaba. Na riƙa ɗaukar takarda ina ja mata layi da biro a duk inda zan tsaya, ina karantawa da ƙarfi minti 10 kullum da safe. Shirun nan na daƙiƙa ɗaya a kunnenki zai yi tsawo ƙwarai, har ki ji kamar kowa ya zuba miki ido, amma mai sauraro a lokacin ne yake haɗiye abin da kika faɗa.

Wani malamin makaranta:
Malama, ki naɗi muryarki a waya ki saurara. Za ki ji kamar ba taki ba, kada hakan ya dame ki: kullum kina jin muryarki ne har ta ƙasusuwan kai, shi ya sa ta naɗi take fitowa daban. Ki lura da ƙarshen kalmomi, nan masu sauri suke cinyewa. Ga harshenmu kuma bai yarda da haka ba. Gari na mutane da garin da ake niƙawa, tsawon wasali ne ya raba su. Daba da dabba kuma, ninka harafin b ne ya raba su. In kin yi gudu duk sai su zama ɗaya.

Wani ɗan'uwa:
Tambaya ɗaya, a gida ma haka kike yi, ko sai gaban mutane? In gaban mutane ne, to fargaba ce. Zuciya ta hau bugu, numfashi ya tsaya a ƙirji, sai mutum ya yi ta sauri don ya gama kafin iska ta ƙare masa. Ki ɗora hannu a kan cikinki, ki shaƙi iska har hannun ya ɗaga, sau uku kafin ki buɗe baki.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Ƙarin bayani kaɗan. Saurin magana daban, in'ina daban. Mai in'ina ya san kalmar, fitarta ce take maƙalewa. Akwai kuma wanda kalmominsa ke hawa kan juna, gaɓoɓi na zubewa, shi bai ma sani ba sai an faɗa masa. Dukansu akwai ƙwararru masu gyaran furuci da suke horar da mutum a kai. Amma in dare ɗaya maganar mutum ta fara harɗewa, baki ya karkace ko hannu ya mutu, a garzaya asibiti, alamar shanyewar ɓarin jiki ce.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yayana ka gano ni, a gida da sauƙi, gaban shugabanni ne abin yake ƙwace min. Yanzu na naɗi muryata na ji, gaskiya ƙarshen kalmomin duk babu su. Ranar Litinin akwai wani taron, na riga na ja wa takardata layi. Anti, a nawa ne kika fara ganin canji?

Wata 'yar'uwa:
Kusan wata biyu kafin ya zame min jiki. Ranar Litinin ki ajiye ruwa kusa da ke, in kin ji kin fara gudu ki kurɓa.