Idan an sauya faramitocin aiki, me ya kamata edita ya nuna?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. Jiya na ƙara faramita ta uku (faramita ita ce bayanin da ake miƙa wa aiki idan an kira shi) a wani aiki, wato method, na yaren Java, amma da na zo kiransa a wani fayil, jerin shawarwarin da edita (manhajar rubuta kod) ke fitarwa ya ci gaba da kawo mini tsohuwar siga mai faramita biyu, har harhaɗa kod ya gagara. Me kuke yi a irin wannan hali?

Malama Zainab: Wa alaikumus salam, Malam. Edita yana ɗauko shawarwarin ne daga fihirisar da ya tara, kuma fihirisar ce ta tsufa. A ƙa'idar LSP, wato tsarin sadarwa tsakanin edita da sabar harshe, wadda Microsoft ta fitar a 2016, edita yana sanar da sabar harshe (manhajar da ke nazarin kod tana ba shi shawarwari) kowane sauyi yayin da ake rubutu, tun kafin a adana fayil, don haka babu uzurin kawo tsohuwar siga. Idan abin ya maimaitu, ka sake tayar da sabar.

Injiniya Auwal: Shawarata, Malam, kada ka ƙara gyara faramita da hannu. Editan IntelliJ IDEA yana da umarnin sauya sigar aiki a Ctrl+F6, editan Eclipse kuma a Alt+Shift+C, dukansu suna iya nuna maka kowane wurin da ake kiran aikin kafin su taɓa komai. Wannan nunawar ce ta fi muhimmanci a wurina, domin ban yarda edita ya gyara wurare talatin a ɓoye ba, musamman idan faramitoci biyu masu nau'i ɗaya suka yi musayar wuri, inda kod zai harhaɗu lafiya amma sakamakon ya zama kuskure.

Malama Zainab: Gaskiya ne, Injiniya, sai dai umarnin ba ya isa ga kod ɗin wasu da ke dogaro da laburarenka, wato tarin kod ɗin da ka rubuta don wasu su yi amfani da shi. A nan gara a bar tsohon aikin da alamar @Deprecated mai nuna cewa a daina amfani da shi, edita ya ja masa layi a jerin, sabon kuma ya hau sama.

Malam Bashir: Na gode. To, idan kiran yana rubuce, kuma ina son sabon suna daga jerin ya maye gurbin tsohon, yaya zan yi?

Injiniya Auwal: A IntelliJ IDEA, Tab yana maye gurbin sunan da ke wurin, Enter kuma yana cusa sabon ya bar ragowar tsohon. Ka danna Tab.