Tsoho a gadon asibiti: shi ake tambaya ko mai jinyarsa?

Yaya Babba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a asibiti, da dattawan da su kansu suka taɓa kwanciya: idan likitoci suka shigo zagaye, da wa suke magana? Mahaifinmu ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, aka ce sai an yi aiki. Mutum ne da hankalinsa garau, har yau shi ke riƙe da lissafin gidansa. Amma likita ya tsaya a ƙarshen gado ya yi wa ƙanena bayani kaf, sannan ya miƙa masa takardar amincewa da biro. Baba yana kwance yana bin su da ido. Sai da ƙanen nawa ya duƙa zai sa hannu Baba ya ce, "Ƙugun wa za a yanka, nawa ko nasa?" Kowa ya faɗa mana abin da ya gani.

Nas Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam Yaya. Baba ne da gaskiya. Na daɗe a ɗakin kwanciyar manya, kuma wannan abu kullum sai na gan shi. Ƙa'idar a fili take: muddin majinyaci yana gane abin da aka gaya masa, yana iya riƙe shi, ya auna amfani da haɗari, ya faɗi zaɓinsa, to sa hannunsa ake bukata, ko da shekarunsa 90. In bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta rubuta wannan a sanarwar Lisbon kan haƙƙin majinyaci, wadda ta fara fitarwa a 1981, har da 'yancin ƙin magani da na neman ra'ayin wani likita. Babu inda aka ce furfura na soke shi.

Abin da ke sa a tsallake tsoho yawanci gaggawa ce da kunne. Marasa lafiya sun yi yawa, ɗan yana amsawa nan take, uban kuwa sai an maimaita. Sai ma'aikaci ya ɗaga murya, tsohon ya ƙara rikicewa, a ce ba ya ganewa. Alhali kunnen tsufa siraran sautuka yake fara rasawa, ihu ba ya dawo da su. Ka zauna daidai fuskarsa, ya ga leɓenka, ka yi magana a tsanake. Sau da yawa wanda aka ce ba ya bin magana sai ya jefo tambayar da 'ya'yansa ba su ma kawo ta a rai ba.

Malam Mai Ritaya:
Ku bari wanda aka yi wa abin ya sa baki. Na haura 70, kuma na kwanta ne saboda fitsari ya tsaya mini. Magani kam an yi mini, Allah ya saka musu. Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne ranar da aka zo sa mini robar fitsari. Likita ya shigo da ɗalibai a bayansa, sa'o'in jikokina, aka yaye zane ba a ja labule ba, mai jinyar gadon da ke kusa tana zaune ta rasa inda za ta sa idonta. Ba wanda ya ce, Baba ka yarda ɗalibai su tsaya? Da an tambaya da na yarda, don ni ma koyarwa na yi har na ajiye aiki, na san ba a koyon aiki a littafi kaɗai. Amma a tambaye ni ɗin.

Sannan duk abin da ka ce yana damunka sai a ce ai shekaru ne, sai haƙuri. Na yi ta cewa jiri na ɗibata in na miƙe. Ashe maganin da aka ba ni don buɗe hanyar fitsari ne ke sauke mini jini idan na tashi tsaye. Wata likita ce ta auna ni a kwance, ta sake aunawa a tsaye, ta gano. Da na faɗi na karye fa, shi ma shekaru ne?

Ga masu son hujja: a Disambar 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 18 kan tsofaffi. Ɗaya daga ciki ta ce a duk inda ake kula da tsoho ko ake masa magani, a kiyaye mutuncinsa da aƙidarsa da sirrinsa, a kuma bar masa ikon yanke shawara kan jinyarsa.

'Yar Autar Inna:
Ranka ya daɗe Malam, Allah ya ƙara lafiya. Amma ni fa ina da ja a wuri ɗaya. Da gwaji ya nuna Innarmu na da ciwon daji kuma ya yi nisa, mu muka roƙi likita kada ya gaya mata. Mace ce mai saurin karaya, labarin rasuwar maƙwabci ma sai ya kwantar da ita. Ta cika hankalinta kwance tana zaton gyambon ciki ne. Har gobe ban ga laifinmu ba.

Abu Safwan:
Allah ya jiƙan Inna, 'yar uwa. Namu daban ya kasance. Wasu cikin dangi sun roƙi likitan kawunmu ya ɓoye, sai ya ce bari ya ji daga bakin mai ciwon. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Sakamako ya fito. Kana so in gaya maka komai, ko akwai wanda kake so in gaya wa a madadinka?" Kawu ya ce gaya mini. Daga baya yake cewa shi tuni ya sani, don ya ga yadda ake fita waje a yi ƙus-ƙus a dawo da jajayen idanu. Abin da ya yi da wannan sanin shi ne ban mantawa. Ya sa aka rubuta basussukan da ke kansa, ya aika aka kira ɗan uwansa da suka yi shekaru ba sa ga maciji, sannan ya ce ya ƙoshi da allurar dajin, a ba shi mai kashe zafi a mai da shi gida. Ba mu so ba, amma jikinsa ne.

Nas Mai Aikin Dare:
Abin da likitan nan ya yi shi ne daidai. Sanarwar Lisbon ɗin ta yarda majinyaci ya ce ba ya son a gaya masa, ta kuma ba shi damar zaɓar wanda za a sanar. Sai dai daga bakinsa zai fito, ba dangi su yanke a bayan ƙofa ba.

'Yar Autar Inna:
Na ji, Nas. Amma Inna da an yi mata wannan tambayar, tambayar kaɗai ta isa ta gane. Ku bar ni a kan nawa.

Jikan Kaka:
Ni abin da na gani ya fi wannan muni. Kakarmu ta shiga asibiti da ciwon huhu tana gane kowa. Dare na yi ta fara fisge robar ƙarin ruwa, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, tana cewa akwai yara a ƙarƙashin gado. Da safe na tarar an ɗaure hannayenta da bandeji a ƙarfen gado, wuyan hannun ya yi shati, an kuma yi mata allurar barci. Dangi har sun fara cewa ta taɓu. Wani babban likita ya zo ya sa aka kwance ta nan take. Ya ce wannan ruɗewa ce da ke kama tsofaffi a asibiti cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, tana lafawa da rana ta tashi da dare, kuma alama ce ta wani abu a jiki: zazzaɓi, ƙarancin ruwa, ciwon sanyin mafitsara, zafin da ba a kashe ba, ko wani magani. Ɗauri ƙara ta yake yi. Ya tambayi ina tabaraunta. Yana cikin jaka tun ranar da aka kwantar da ita. Aka sa mata, aka buɗe taga, aka ce kullum fuskar da ta sani ta zauna kusa tana tuna mata inda take. Da ciwon ya sauka hankalinta ya dawo tsaf. Shatin ɗaurin ya riga tunaninsa gogewa, har yanzu tana maganar.

Mai Harhaɗa Magani:
Ƙari kan maganar Malam da ta Jikan Kaka. Tsohon da ke shan magani biyar ko fiye, haɗarin su yi karo da juna yana ƙaruwa, ga shi ƙoda da hanta sun rage saurin tace su. Na ga dattijuwar da ke shan maganin hawan jini iri ɗaya sau biyu, don kwalayen sunansu daban. Ku zuba duk abin da yake sha a jaka guda ku kai wa likita, har wanda ya saya da kansa. Kuma haƙƙinsa ne a gaya masa sunan kowace ƙwaya da dalilinta.

Uwar Biyu:
Surukata aka sallama muka dawo gida, sai wajen wanka na ga gyambo a ƙasan bayanta, fatar ta yi baƙi. Ba wanda ya gaya mana, ba a kuma ba mu takardar sallama mai bayani ba. In irin wannan ta faru, wa ake kai wa kuka?

Nas Mai Aikin Dare:
Allah ya ba ta lafiya, Maman Biyu. Gyambon kwanciya ne. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi kamar duk bayan awa biyu, ana duba ƙasan baya da duga-dugai da ƙugu, kuma jan da bai gushe ba in an danna shi da yatsa shi ne gargaɗin farko. Ku mai da ita a duba yau, baƙar fata na nufin naman wurin ya mutu, kuma yakan yi zurfi fiye da yadda ido ke gani. Ku fara da shugabar ɗakin da ta kwanta, in ba a saurare ku ba ku rubuta wa hukumar asibitin, da ranakun kwanciya da sallama. Ku nemi takardar da ta nuna ciwon, magungunan da ranar komawa. Hoton gyambon zai taimaka, amma ku nemi izininta kafin ku ɗauka, kuma ku tambaye ta ko tana son a kai ƙarar.