Ƙanena ya kasa rabuwa da tiramadol, ina neman shawarar likitoci

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan adaidaita sahu ne a Kano. Lokacin kullen korona na 2020, da aka hana su fita aiki, zaman banza da damuwa suka jefa shi shan tiramadol, mai ƙarfin miligiram 225 ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye. Kulle ya wuce, shi har yau bai dawo daidai ba.

Nasiha mun yi, an yi masa ruƙiyya, Baba ya ƙwace makullin adaidaitar. Da muka tsare shi a ɗaki muka yanke masa ƙwayar gaba ɗaya, abin ya fi ƙarfinmu: gumi sharkaf, gudawa, ƙafafu na yi masa zugi, barci ya ƙaurace masa, cikin dare yana kuka yana cewa gara ya mutu ya huta. Wannan maganar ce ta fi tayar min da hankali. Ya koma sha, kwanan nan har ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, kumfa a baki. Wani mai kemis ya ba mu maganin barci, layi kawai ya ƙara masa.

Don Allah, mai irin wannan hali, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya kamata mu kai shi a kwantar, ko likita zai iya rage masa ƙwayar sannu a hankali yana gida?