Kamfanin PG&E na Kalifoniya: ta yaya kamfanin da ba shi da abokin gasa ya durƙushe har sau biyu?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana harkar wuta. Kamfanin Pacific Gas and Electric, wato PG&E, shi ke bai wa kimanin mutum miliyan 16 wutar lantarki da iskar gas a arewaci da tsakiyar jihar Kalifoniya ta Amurka. Wayoyin nasa ne, bututun nasa ne, kuma jama'a na biyan kuɗinsu. To me ya kai shi kotun masu karayar arziki a 2001, ya sake komawa a 2019? Daga ina ma ribarsa ke fitowa?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko, bari in fara da ita.

PG&E ba ya cin riba a kan yawan wutar da ya sayar. Tun 1982 Kalifoniya ta raba kuɗin shigar kamfanin da adadin abin da aka sha. Duk bayan shekara huɗu yakan je gaban hukumar CPUC mai sa ido kan irin waɗannan kamfanoni, ya baje abin da zai kashe, hukumar ta yanke masa jimillar da zai karɓa daga jama'a. Kuɗin kashi biyu ne. Akwai na gudanarwa: albashi, sare rassan bishiya, duba layi, sayen gas da wuta. Wannan mayar masa kawai ake yi, babu riba a kai. Sai na jari: sabuwar tasha, sabon layi, sabon bututu. A kan wannan ne ake yarje wa masu hannun jari ribar kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara.

A ce ya gina layin dala miliyan 100. Kashi 52 na kuɗin daga masu hannun jari ake lissafa shi, sauran bashi ne. Ke nan a shekarar farko akwai ribar kusan dala miliyan 5, tana raguwa yayin da layin ke tsufa a takarda. Idan kuwa ya tura ma'aikaci ya hau hasumiyar da ta shekara casa'in ya duba ƙarafanta, ko sisi bai ƙaru ba. Hasali ma abin da ya tsimi daga kasafin gyara kafin zama na gaba a gaban CPUC yakan zauna a aljihunsa. A ganina nan ne tushen cutar.

Kamfanin tsoho ne. Asalinsa kamfanin gas na fitilun titi da 'yan'uwa Peter da James Donahue suka kafa a San Faransisko a 1852. A 1905 aka haɗe kamfanoni aka samar da PG&E, ya yi ta haɗiye ƙanana tare da madatsun ruwansu na tsaunukan Sierra Nevada da layukan da suka shimfiɗa. Ya gaji kaya masu yawa, amma bai gaji cikakkun takardunsu ba.

Durƙushewar 2001 dai daban take. Dokar 1996 ta buɗe kasuwar wuta, kamfanin ya sayar da akasarin tashoshinsa masu ƙona gas, ya koma sayen wuta a kasuwar yau da gobe. Farashin sari ya yi tashin gwauron zabi a 2000, 'yan kasuwa irin su Enron na murɗa shi, alhali an daskarar da farashin da jama'a ke biya. Giɓin ya kai kusan dala biliyan 9. Ya shiga kotu ranar 6 ga Afrilu 2001, ya fito a 2004.

Hajiya Rabi (ɓangaren gas):
Injiniya ya ambaci takardu, bari in nuna inda rashinsu ya kashe mutane.

Ranar 9 ga Satumba 2010, bututu mai lamba 132, faɗinsa inci 30, ya fashe a unguwar San Bruno. Mutum 8 suka mutu, gida 38 suka ƙone ƙurmus. A 1956 aka binne wannan sashe. Takardun kamfanin sun ce bututu ne marar ɗinki. Da masu bincike na NTSB, hukumar tarayya mai binciken haɗurran sufuri da na bututu, suka tono shi, sai ga guntaye gajeru da aka jona, masu ɗinkin walda a tsaye, kuma a wasu an yi waldar daga waje kaɗai, ba a yi ta ciki ba. Ɗinkin bai ratsa kaurin ƙarfen ba. Shekara hamsin da huɗu tsaga tana ci a hankali.

A ranar ana wani aikin lantarki a tashar Milpitas, na'urorin da ke daidaita matsi suka rasa wuta, matsin ya hau. Bai ma wuce iyakar psi 400 (psi ma'aunin matsi ne) da aka yarda wa layin ba, amma ɗinkin bai iya ɗauka ba.

Hanya biyu ce ta gano irin wannan aibi. Ko a cika bututun da ruwa a matsa shi fiye da yadda yake aiki, in zai fashe ya fashe da ruwa, ko a tura na'urar bincike ta bi ta cikinsa. Dokar tarayya ta 1970 ta ɗauke wa tsofaffin bututu gwajin ruwa, layin kuma lanƙwasarsa da bambancin faɗinsa sun hana na'ura wucewa. Sai kamfanin ya zaɓi hanyar da ke neman tsatsa daga waje, wadda ba ta ganin aibin walda. Tunda takarda ta ce babu ɗinki, wa zai nemi aibin ɗinki?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne minti 95 da aka ɗauka kafin a tsayar da gas ɗin, domin bawul ɗin, wato makullin rufe bututun, na hannu ne, sai da ma'aikata suka je da mota suka murɗa. CPUC ta ci shi tarar dala biliyan 1.6 a 2015, kotun tarayya kuma ta same shi da manyan laifuka shida a 2016.

Ɗan_Fagge:
Allah Ya saka da alheri, Hajiya. To ta 2019 fa? Ita ma gas ne?

Malam Nuhu Lissafi:
A'a Malam, wannan gobarar daji ce. Safiyar 8 ga Nuwamba 2018, a layin Caribou-Palermo mai ƙarfin kilobolt 115, wanda aka gina wajen 1921, wata ƙugiyar ƙarfe ta tsinke. Ita ce ke rataye tangaran mai riƙe da waya. Shekara da shekaru iska na kaɗa ta tana goga jikin ramin da take ciki har ta cinye. Waya ta taɓa hasumiya, tartsatsi ya zuba kan busasshiyar ciyawa, ga iska mai ƙarfi. Garin Paradise ya ƙone, mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka tafi. In daga jirgi mai saukar ungulu ake duba layi, ba a ganin cin da ke cikin ƙugiya, sai an hau hasumiyar. A Yuni 2020 kamfanin ya amsa laifin kisa ba da gangan ba har guda 84.

Sai dai Injiniya, ban yarda tsarin riba kaɗai ya kai shi kotu ba. Akwai ƙa'idar shari'a a Kalifoniya da ke cewa in kayan kamfanin wuta suka haddasa gobara, shi zai biya diyyar dukiya ko da ba a tabbatar da sakaci ba. Mayar da wannan kuɗi kan masu biyan wuta kuma sai CPUC ta gamsu cewa ya yi aikinsa da kula. Ka haɗa da fari da gidajen da ake ta ginawa a bakin daji. Da aka tara gobarar 2017 da ta 2018, kamfanin ya ƙiyasta abin da ke kansa zai haura dala biliyan 30, ya shiga kotu ranar 29 ga Janairu 2019.

Ya fito a Yuli 2020 da yarjejeniyar dala biliyan 25.5: 11 ga kamfanonin inshora, 1 ga ƙananan hukumomi, 13.5 ga waɗanda gobara ta shafa. Rabin wannan 13.5 ɗin da hannun jarin kamfanin aka biya, ba tsaba ba. Wato mutumin da aka ƙona wa gida, diyyarsa ta dogara da darajar kamfanin da ya ƙona gidan. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Jihar kuma ta kafa asusun dala biliyan 21 a 2019 don gobarar gaba, rabi daga masu hannun jarin manyan kamfanonin wuta, rabi daga masu biyan wuta.

Injiniya Bashir:
Gaskiyarka Malam Nuhu, dokar ce ta mayar da gobara bashi. Amma ƙugiyar ba doka ce ta cinye ta ba.

Ka duba maganin da aka ɗauka. Na farko, yanke wuta da gangan in iska ta tashi: a Oktoba 2019 an kashe wa kusan mitocin wuta 738,000 a zagaye ɗaya, wasu na kwanaki, domin ba a mayar da wuta sai an bi layin an duba. Na biyu, an saita na'urorin kariya su katse layi cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa in reshe ya taɓa, kuma ba sa sake haɗawa da kansu. Tartsatsi ya ragu, ɗauke wuta ba zato ya ƙaru. Na uku, bayan tashin gobarar Dixie ta 2021 da bishiya ta faɗa wa layi, shugabar kamfanin Patti Poppe ta sanar da binne mil 10,000 na waya a ƙasa. Kowane mil na cin dala miliyan 3 zuwa 4. Sanya waya mai rufi a kan turaku ya fi araha nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai binnewa kariya ba, shi ya sa ake ta ja-in-ja a gaban CPUC kan mil nawa za a binne. Binnewa jari ce, tana da riba, kuma duk tana hawa kan kuɗin wutar jama'a, wanda yanzu yana cikin mafi tsada a Amurka.

Hajiya Rabi (ɓangaren gas):
A ɓangaren gas ma haka ne. Bayan San Bruno CPUC ta soke wancan rangwame na tsofaffin bututu a 2011: duk sashen da babu takardar gwajinsa, ko a gwada shi da ruwa ko a canza shi, a kuma sa bawul masu rufewa daga nesa a inda jama'a ke da yawa. Gwajin ruwa kuɗin gudanarwa ne, canza bututu jari ne. Duk wanda zai karanta buƙatar kamfanin a zama na gaba, ya fara duba mil nawa aka sa a kowane ɓangare, da hujjar da aka bayar kan kowane sashe.